Wa Zai Kayar da Mama?

A wani horo na masu koyar da judo da na taɓa zuwa a Kaduna, an ce mana aji iri uku ne ke ba malami wahala: ajin yara masu ƙiriniya, ajin samari masu ji da ƙarfi, da ajin da ya fi ƙarfin ɗakin da aka zuba shi. Na saurara da kyau, na haddace maganin kowanne. Babu wanda ya ce mana uffan a kan ajin da uwar mijinki take tsaye a sahun gaba.

Ni malamar motsa jiki ce a wata sakandare a Kafanchan. 'Yar Kwoi ce ni, aure ya kawo ni. Judo kuwa a kwaleji na koya har na kai baƙin bel, ɗamarar ƙwararru, abin da dangin mijina suka daɗe suna ɗauka wani ciwon ƙuruciya ne da haihuwa za ta warkar. Na haihu, bai warke ba. Yaran makaranta sun san halina. Ba na duka, amma in na busa usur, ko wanda ke gudun tsallake katanga sai ya tsaya cak. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoye wannan ba, kuma a filin wasa zuciyar nan ta sha yi mini amfani.

A gida kuwa wata mace ce daban. Gida ɗaya muke da uwar mijina, wadda kowa ke kira Mama. Tun ranar da aka kawo ni ban taɓa gaishe ta a tsaye ba, ban taɓa miƙa mata kofi da hannu ɗaya ba, ban kuma taɓa ce mata ba haka ba ne, ko da ta ce yau Talata alhali Laraba ce. Ita ma har 'yata ta fari ta shiga sakandare ba ta daina kirana Amarya ba. Ita ce kuma Uwar Zumunta a majami'armu, wato shugabar matan ikilisiya duka. In ta ɗaga waƙa sai an amsa, in ta ɗaure fuska har fasto yakan gajarta wa'azi.

Wata rana da damina tana dawowa daga gonarta ta citta, ta hanyar da ke bin layin dogo, sai wasu samari biyu a kan mashin suka fizgi jakarta. Mama ba ta saki ba, don ba ta saba sakin abu ba. Suka ja ta, ta faɗi. Abin da ke cikin jakar bai taka kara ya karya ba: littafin waƙoƙi, man zafi, da makullin rumbu. Hannunta ya gurɗe, gwiwa ta ƙuje, a asibiti aka ce babu karaya. Amma ta kwanta a gefen hanyar nan ta kasa tashi, mutane na wucewa suna sannu, har sai da wasu mata masu ɗauke da itace suka sauke kayansu suka ɗaga ta, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Hannun ya warke cikin 'yan makonni. Kwanciyar nan ce ba ta warke ba.

Daga ranar Mama ta daina fita ita kaɗai. Matar da takan riga kowa isa gona ta koma zaman baranda. Ko majami'a, wadda daga ƙofarmu ana hango rufinta, sai ta jira wani ya raka ta. Ba ta taɓa cewa tsoro take ji ba. Takan ce rana ta yi zafi, ko hadari ya haɗo, ko takalminta ya tsinke. Gonar ta koma hannun 'yan ƙwadago, ita kuwa tana zaune tana tambayar duk wanda ya shigo yadda cittar take. Ina kallonta tana ramewa a kan kujera, abin yana cina, amma ba hurumin amarya ba ne ta faɗa wa uwar miji abin da ke damunta.

Matan zumunta ne suka kawo shawarar. Suka ce tunda abin ya kai ga taɓa uwarsu, to su ma za su koyi kokawar Japan, ga malama a gida. Dattawan ikilisiya suka zauna a kan maganar fiye da yadda suka zauna a kan gyaran rufin majami'a. Daga ƙarshe aka amince da sharuɗɗa: a yi a ɗakin makarantar Lahadi ranar Asabar da safe, a buɗe da addu'a, a sa wando amma a ɗaura zani a kansa, kuma rusunawar da ake yi kafin a fara a fahimta gaisuwa ce ba sujada ba. Na samo tsofaffin katifun makarantar kwana, muka shimfiɗa.

Ranar farko na yi abin da aka koya mana, na tambayi kowace abin da ya kawo ta. Wata ta ce tumbi take so ta rage. Wata ta ce ita dai mijinta ya ji labarin tana zuwa, wannan kaɗai ya ishe ta. Ana ta dariya har aka zo kan Mama. Hausar Mama irin ta mutanenmu ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinta, kuma ba ta ƙawata zance.

“Ni faɗuwa ne na zo koya,” in ji ta. “Yadda mutum zai faɗi, ya tashi da kansa.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, an ɗauka Uwar Zumunta ta yi barkwanci. Ni ban yi dariya ba. Na san abin da take nufi, na kuma san abin da ta roƙa shi ne darasi na farko a judo. Kafin a koya wa mutum kayar da wani, sai an koya masa faɗuwa: ya manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, kada ya miƙe hannu ya tare ƙasa, ya dai mari katifa da dukan hannun, sannan ya juya gefe, ya kafa gwiwa, ya tashi. Ana farawa mutum shi kaɗai daga tsugune. Amma ba a cewa ya iya sai wani ya kayar da shi, don faɗuwar da kai ka zaɓi lokacinta ba ita ce ke zuwa a kan hanya ba. Wato dole wata daga cikinmu ta kama Mama ta kai ta ƙasa.

Na ajiye wannan tunanin a gefe, don akwai matsalolin da na iya. Ta farko gaisuwa. Duk wadda ta makara sai ta bi sahu ɗaya bayan ɗaya tana ina kwana, yaya gajiya, yaya yara, yaya mai jiki, wadda na bari a tsaye da ƙafa ɗaya kuma sai ta sauke ƙafar ta amsa. Na ware lokacin gaisuwa kafin usur, na ce bayan usur ko fasto ne ya shigo a bar shi ya gaishe da kansa. Ta biyu lissafi. Na koya musu ƙirga da harshen Japan, kafin a kai ƙarshe sun mayar da shi waƙa da amshi, har da mai ɗaga murya ta biyu. Na bar su, tunda ƙafafun suna tafiya daidai. Masu goyo na ba su kusurwa da tabarma, suna karɓar juna. Cikin ɗan lokaci ajin ya daidaita, ni kuma kaina ya fara girma. Har na soma tunanin in rubuta wa masu horon Kaduna in ƙara musu ilimi.

Sai aka zo kan kama abokiyar yi. Tsarin mai sauƙi ne: sahu biyu suna fuskantar juna, kowace ta kayar da ta gabanta, in na busa usur sahu ɗaya ya matsa gefe, kowa ta samu sabuwar abokiya. An tsara shi ne don kada wani ya tsaya ba aiki, kada kuma wani ya zaɓi wanda yake so. Waɗanda suka tsara shi ba su san matan zumunta ba.

Duk wadda juyi ya kawo gaban Mama sai wani abu ya same ta. Wata zaninta ya kwance, ta tsaya ɗaura shi a tsanake kamar za ta biki. Wata ƙishirwa ta kama ta. Wata ta ji kukan jariri ta ruga, alhali autanta yana aji shida. Akwai wadda ta fi su dabara, ta durƙusa ta shiga tambayar Mama yaya hannu, yaya aka kwana da shi, wane magani ake shafawa, har na busa usur. Wata ƙatuwar mace mai sana'ar citta, wadda na sha ganin ta ɗaga buhu ta jefa bayan mota ba taimako, ta ce ita in ta taɓa Uwar Zumunta da niyyar kayarwa hannunta zai shanye kafin Lahadi. Mama tana tsaye a tsakiyar sahu, hannuwa a miƙe yadda na nuna, ana ta tim tim dama da hagu, ita ba wadda ta kama ta.

Raina ya ɓaci. Na tsayar da ajin na wanke su tas. Na ce a kan katifa babu babba babu ƙarami, babu mai muƙami, ɗaliba ɗaliba ce. Na yi maganar da kyau, har ni kaina ta burge ni. Da na gama sai mai cittar nan ta gyara tsayuwa.

“Malama, gaskiya ne ka faɗa. Amma kai ne mai baƙin bel. Ka fara, mu bi.”

Na duba agogo na ce lokaci ya yi, a rufe da addu'a.

Ban yi barcin kirki ba a makon, amma na fito da dabara, kuma daga horon Kaduna na ɗauko ta. An ce mana ɗalibin da ya ƙi shiga tsari, a ba shi aiki, sai ya ji yana da muhimmanci. Asabar ta gaba na sa aka kawo kujera mai hannu daga ofishin fasto, na ajiye a gaban ɗaki. Na durƙusa na miƙa wa Mama usur ɗina da hannu biyu, na ce ajin yana bukatar mai tsayar da lokaci, kuma babu wadda za a ji wa kamar ita. Matan suka yi tafi. Matar fasto ta ce lallai an ba ni tarbiyya a gidanmu. Da labarin ya kai gida mijina ya gode mini, ya ce dama abin da ke hana shi sukuni ke nan, kada a je a karya masa uwa. Mama ta karɓi usur ɗin, ta dube ni na ɗan lokaci, ta rataya a wuya. Ta kuwa iya busa shi, ko ni ban kai ta tsare lokaci ba.

Abin da ban hango ba shi ne kujera tana haihuwa. Asabar ta gaba sa'o'in Mama biyu suka jawo nasu kujerun, suka ce ba zai yi kyau a bar ta ita kaɗai ba. Bayan su sai waɗanda aka yi wa aure shekara ɗaya da su. Sai masu ciwon baya, ciwon da bai taɓa hana su rawar kai baiko a majami'a ba. A hankali faɗuwa ta zama aikin ƙananan mata, zama kuma ya zama shaidar girma. Na taɓa raba wasu biyu da ke musun wadda ta riga wata zuwa duniya, kowace tana ƙara wa kanta shekaru, abin da ban taɓa gani a wajen mata ba sai ranar. Ajin da ya fara da cika ɗaki ya koma 'yan amare kaɗan suna faɗuwa a tsakiya, ga dogon layin alƙalai a gefe suna cewa waccan ba ta manne haɓa ba. In an tashi kuma Mama ta kama gwiwar hannuna mu taka zuwa gida, kamar yadda muka zo.

Wata safiya na zagaya bayan gida da wanki zan shanya. A can akwai tarin ciyawa da ta rage daga wadda aka yanko don rufe citta, ta bushe ta yi tudu. Sai na ga Mama tsaye a gefen tarin, ta sa wandon aji a ƙarƙashin zani. Ba ta gan ni ba. Ta runtse ido, ta ja numfashi, ta saki jiki ta baya, ta miƙe hannu sambal don ta tare ƙasa. Hannun da ya gurɗe ɗin nan. Irin faɗuwar da ke karya wuyan hannu ke nan, ita ce farkon abin da nake hana yara.

“Ba haka ba! Za ki karya hannun.”

Sai da maganar ta fita na ji ta. Da muryar filin wasa na yi ta, muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ajiye bokitin wankin na durƙusa, na rasa ta inda zan fara ba da haƙuri. Mama tana kwance cikin ciyawa, ɗankwali ya karkace, tana kallona ba alamar fushi.

“To yaya ne? Daga kujera haka na gani.”

Na shiga kame-kame. Na ce don girmanta ne, na ce don hannun ne, na ce mutane za su yi magana. Ta bar ni na gama, sannan ta ce na ba ta usur kamar yaron da ake ba biskit don ya yi shiru a majami'a. Maganar ta shige ni, don gaskiya ce, kuma ban yi zaton ta gane ba. Nan take na kawo sabuwar dabara, ni da ba na rasa dabara. Na ce zan koya mata komai a nan bayan gida, ni da ita, in kayar da ita a kan ciyawar nan ba wanda ya gani.

“A kan hanya ne aka kayar da ni, Amarya. Kowa ya gani. Ba a bayan gida ba.”

Ta miƙo hannu, na kama na ɗaga ta. Ta kakkaɓe zani, ta ce in duba, har yanzu sai an ɗaga ta.

Iyakar abin da ta yarda da shi shi ne in gyara mata ƙananan abubuwa a gida, haɓa da hannu. Muka yi ta yi kowace safiya bayan mijina ya fita. Faɗuwar ta zauna mata da wuri, don Mama ba ta son a faɗa mata abu sau biyu. Tashin ne ya gagara. Ba don ba ta da ƙarfi ba. Duk sanda ta kwanta sai hannunta ya miƙo da kansa, nawa kuma ya riga tunanina zuwa. Shekara da shekaru ina karɓar mata kaya, ina tare mata kujera, ina ɗauke mata ko da tsintsiya ce, hannun ya saba. Har Asabar ta zo ba ta taɓa tashi ita kaɗai ba.

Ban faɗa wa mijina cewa zan kayar da Mama a gaban aji ba. Na dai yi ta tunanin abin da za a ce a Kwoi, da fuskar mahaifiyata in aka tare ta a kasuwa aka ce 'yarki ce ta kayar da uwar mijinta a cikin majami'a. Tsoro nake ji sosai, kuma ba tsoron karya Mama kaɗai ba, har da tsoron sunana. Na je da wuri na ninka katifu biyu a tsakiyar ɗaki.

Bayan addu'a kowa ta nufi wurinta, masu kujera suka zauna. Mama ta wuce kujerarta kamar ba ta san ta ba, ta cire takalmi, ta hau katifa ta tsaya, usur a wuya. Na zo gabanta, ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in tashi, mun riga mun gaisa a gida.

Na kama wuyan rigarta da hannun riga. Ban taɓa riƙe ta haka ba. Tana ƙanshin man zafi da hayaƙin murhu, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Matar da gari guda ke shakka, ashe ba ta fi ƙarfin in ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Zuciyata ta karye. Na sa ƙafa a bayan tata, na kwantar da ita a hankali kamar mai ajiye tiren ƙwai, ban saki hannunta ba, na jawo ta ta miƙe. Masu kujera suka sauke numfashi, wasu har sun fara tafi.

“Wannan rawa ne,” in ji Mama. “Ɓarawo bai ajiye ni haka ba. Sake.”

Wata daga baya ta yi dariya. Dariyar nan ce ta taimake ni, don ta taso mini da zuciya, kuma ni sai raina ya ɓaci nake aiki mai kyau. Na gyara riƙo, na ja ta gaba kaɗan har nauyinta ya koma ƙafa ɗaya, na taɗe ƙafar, na sake ta.

Ta faɗi da gaske. Haɓa a ƙirji, hannu ya mari katifa, ƙarar ta cika ɗaki. Faɗuwa ce mai kyau, da a jarrabawa ne da na ba ta maki cikakke. Amma ba wanda ke duba wannan. Salati da kiran sunan Yesu suka tashi, kujeru suka kife, masu ciwon baya suka riga kowa tasowa. Gaba ɗaya ajin ya yo kanta za a ɗaga ta. Na laluba wuyana babu usur, yana ƙirjin Mama. Sai na shiga tsakani na ware hannuwa.

“Kada wadda ta taɓa ta.”

Suka tsaya. Matar fasto, wadda ta yaba tarbiyyata, ta ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ce fa a ƙasa. Na ce na gani, kowa ta koma baya. Ban san inda na samo muryar ba. Na sha ba da umarni a rayuwata, amma ban taɓa ba da mai nauyin wannan ba: in hana mata ɗaga uwarsu, ni da ya kamata in riga kowa.

Na juyo. Mama tana kwance tana kallon silin, ƙirjinta na sama da ƙasa. Na ga abin da ke idonta, ba a ɗakin take ba, tana gefen layin dogo. Sannan hannunta ya ɗago a hankali ya nufo ni, kamar kowace safiya. Na ji nawa ya motsa. Na mayar da hannuwana biyu baya, na riƙe ɗaya da ɗaya.

Na ce mata ƙasa-ƙasa ta juya gefe. Ta daɗe hannun yana sama kafin ta sauke shi. Ta juya. Na ce ta jawo gwiwa. Ta jawo, ta zame, ta koma. Wata ta fara kuka a bayana. Ban waiwaya ba, na ce Mama ta sake, tafin hannu a ƙasa, gwiwa ɗaya, sai ƙafa. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurar da ba ta bari a gani ta fito fili. Tana nishi, ni kuma farcena yana shiga fatar hannuna ta baya. Ta kafa ƙafa ɗaya. Ta dafa gwiwarta. Ta miƙe.

Ba wadda ta yi tafi, an ma manta da shi. Mama ta sunkuya da kanta ta ɗauki ɗankwalin, ta ɗaura, ta daidaita. Ta dubi layin sa'o'inta da ke tsaye cirko-cirko a gaban kujerun da suka kife, ta sa usur a baki ta busa, ta ce kowa ya kama abokinsa, wanda ya fi ta tsufa shi kaɗai ya zauna. Babu wadda ta fi ta. Ni kuwa na tafi gyara katifar da ba ta karkace ba, don hawaye ya zo mini kuma ba na so ɗalibai su gani.

Labarin ya riga mu isa gida. Mijina ya tare mu a ƙofa yana duba uwarsa sama da ƙasa, daren nan kuma ya ci tuwona ba tare da ya ce mini sannu ba. Kafin Lahadi wata 'yar'uwarsa ta bugo waya daga Zonkwa, ta ji an ce na ɗaga Mama sama na maka ta da ƙasa. A Kwoi an ce bayanta ya karye. Mahaifiyata ta aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Dattawan ikilisiya suka kira ni, Mama ta bi ni ba a gayyace ta ba, ta zauna a gaba ta ɗaure fuska, zaman bai yi tsawo ba. Ajin kuwa ya cika har ya fi na farko. Sababbin duk ƙananan amare ne, ɗaya ma ta ja ni gefe ta tambaye ni cikin ladabi ko ita ma za ta iya zuwa da uwar mijinta.

Safiyar Litinin ina shirin makaranta sai na ji ƙarar daro a tsakar gida. Na leƙo na ga Mama ta ɗora shi a ka, fartanya a ciki, ta rataya wata tsohuwar jaka a kafaɗa. Na ce bari in raka ta, dama ina so in ga yadda cittar ta yi. Ta tambaye ni ko an rufe makarantar ne. Na ce a'a. Ta ce to.

Na bi ta har ƙofar gida na tsaya. Hanyar ta miƙe zuwa layin dogo, masu mashin suna ta wucewa, kowanne ya zo kusa da ita sai in bi shi da ido har ya wuce ta. Ɗaya ya matso gefenta sosai yana neman fasinja. Ta tsaya, ta gyara jakar, ta bar shi ya wuce, ta ci gaba. Ba ta waiwayo ba. Sai da ta sha kwana na lura hannuwana suna baya, ɗaya riƙe da ɗaya.

Da na dawo daga makaranta na same ta a baranda, ƙafafu duk taɓo, tana faɗan yadda 'yan ƙwadago suka bar ciyawa ta cinye mata gefen gona. Na durƙusa na yi mata sannu da aiki, na miƙa mata ruwa da hannu biyu. Usur ɗin yana wuyanta, da shi ta je gonar. Har yau ba ta mayar mini da shi ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.